Garambawul ɗin NNS Aradu da sabbin jiragen Turkiyya: gyara ya fi ko sayen sabo?

Ɗan Apapa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so masana su taya mu warware wata magana. A watan Yunin 2023 rundunar sojan ruwan Najeriya ta sa hannu da kamfanin Dearsan na Turkiyya kan yi wa babban jirgin yaƙinta NNS Aradu garambawul. Kamfanin nan dai shi aka bai wa kwangilar sabbin jiragen sintiri biyu masu tsawon mita 76 a Nuwamban 2021, 'yan makonni bayan ziyarar Shugaba Erdogan Abuja. Shi kuwa Aradu, Blohm + Voss ne suka ƙera shi a Hamburg, ya fara aiki a 1982. Tambayata biyu ce. Jirgin da ya haura shekara arba'in, gyaransa ya fi ko a haɗa kuɗin a sayi sabo? Sannan wannan karkata zuwa Turkiyya da Sin, sauya abokan tsaro ne na gaske ko neman sauƙin farashi kawai?

Injiniyan Jirgi:
Wa alaikumus salam. Malam, ta farkon ba mai amsa maka ita daga kan kujera. Sai an shigar da jirgin ramin gyara, an zuƙe ruwa, an ga gindinsa.

Za a fara wanke shi da ruwa mai ƙarfi a kankare ƙwanso da gansakuka, a feshe shi da yashi har ƙarfe ya fito fes. Sai a bi da na'urar auna kauri, wadda ke aika sauti cikin ƙarfe ta karanta dawowarsa, a auna wurare dubbai a gwada da zanen asali. Inda tsatsa ta ci kashi 20 zuwa 25 cikin 100, gwargwadon wurin, a yanke a sa sabo. Kuma ba fatar waje ce abin tsoro ba. Ɓarnar tana ƙarƙashin injina, da cikin tankokin mai da na ruwan daidaita nauyi, da bakin akwatunan da ke shigo da ruwan teku don sanyaya inji. Wuraren nan ba a ganinsu sai an ɗauke abin da ke kansu. Shi ya sa kuɗin gyaran tsohon jirgi yakan kumbura bayan an fara: an yi ciniki kan abin da ido ya gani, da aka buɗe sai aka tarar da wani.

Daga nan sai sandunan farfela. A zare su, a duba ko sun lanƙwashe, a canja boris da robobin da ke tare ruwa. In an yi walda mai yawa a gindi, jikin jirgi yakan ɗan motsa, dole a sake daidaita inji da akwatin giya da sanda su hau layi ɗaya. Daidaitawar ƙarshe kuma sai jirgi ya koma ruwa ake yinta, domin zamansa a kan katako daban yake da zamansa a kan ruwa. Kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba ya isa ya riƙa cinye boris yana girgiza jirgi.

Babbar matsalar ita ce injin. Aradu inji huɗu gare shi: dizal biyu na MTU don tafiyar yau da kullum, da injin gas biyu na Rolls-Royce Olympus, irin na jirgin sama, kowanne da ƙarfin doki sama da 25,000. Su ne ke kai shi mil 30 na teku a awa, kusan kilomita 56. A cikakken gudu kowannensu yana shan mai tan biyar da wani abu a awa ɗaya. Sojan ruwan Birtaniya sun ajiye jiragensu na ƙarshe masu wannan inji a 2013 da 2014, saboda haka kayan gyaransa sai dai a bi tsofaffin rumbuna. In an ce a cire su a bar dizal zalla, sai an taɓa akwatin giya, nauyin ciki ya canja, a sake gwajin karkata don a san inda nauyin jirgin ya koma, gudun kuma ya ragu sosai.

Baban Rada:
Injiniya ya gama da ƙarfe, bari in ɗora da wuta. Jirgin yaƙi ba gangar jiki ba ce, idanu ne da makamai. Radar binciken Aradu ta Plessey ce, kamfanin da aka wargaza tun 1989. Radar saita harbi da kwamfutar yaƙi na Signaal ne na ƙasar Holan, wanda yanzu ya koma hannun Thales. Makamai masu linzami na Otomat guda takwas da Aspide na kakkaɓo jirgin sama daga Italiya suke, haka igwar OTO Melara mai baki milimita 127. Makami mai linzami yana da wa'adi. Man rokarsa da batirinsa suna tsufa ko ba a taɓa shi ba, sai an riƙa mayar wa masana'anta tana sabunta takardarsa. Wanda aka saya a farkon shekarun 1980 ba mai hankalin da zai yarda a harba shi daga jirgin da yake ciki.

To a ce an kawo sabuwar rada da sabuwar kwamfuta. Tsohuwar igwar ba ta jin yarensu, tana karɓar umarni ne da tsohon tsarin wuta, sai an ƙera akwatin da zai fassara tsakani, ko a canja mata na'urar juyawa gaba ɗaya. Sannan wayoyi. Jirgi irin wannan yana da wayoyi na kilomitoci masu yawa, robarsu ta bushe ta tsage, ga gishiri ya shiga. Sabbin na'urori kuma suna son ruwan sanyi da wuta mai tsafta. In injin sanyaya ɗaki ya mutu a zafin Legas, cikin awa kaɗan kwamfutocin za su kashe kansu, jirgi ya zama makaho alhali komai nasa sabo ne. Galibi abin da ke kwantar da jirage ke nan, injin sanyi da janareta da famfo, ba igwa ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Ni tambayata ita ce, a gyara shi ya yi wane aiki? A 2020, cikin ma'aikatan jirage 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. Abokin gabarmu ɗan fashi ne a kwalekwale mai injin waje biyu, da ɓarawon ɗanyen mai, da jirgin kamun kifi marar izini. Babu ɗayansu da ake harba wa Otomat.

Ku duba aikin da aka yi a zahiri. A Fabrairun 2016 NNS Okpabana ne ya bi tankar Maximus da aka sace har kusa da Sao Tome aka ƙwato ta. A Mayun 2020 ƙaramin jirgin sintiri NNS Nguru da dakaru na musamman ne suka kuɓutar da jirgin kamun kifi na Sin, Hailufeng 11, aka kama mutum goma, kotu ta ɗaure su a 2021 da dokar yaƙi da fashin teku ta 2019. A Janairun 2017 NNS Unity aka tura Gambiya lokacin da Jammeh ya ƙi sauka. Abin da waɗannan ayyuka ke buƙata shi ne jirgi mai daɗewa a teku, mai ɗaukar helikwafta da ƙananan jiragen sauke dakaru.

Ga kuma lissafin da aka saba: in kana son jirgi ɗaya ya kasance a teku kullum, uku za ka mallaka, ɗaya a aiki, ɗaya a gyara, ɗaya a horo ko hanya. Gaɓarmu kilomita 853 ce, yankin tattalin arzikinmu ya shiga teku mil 200. Aradu shi kaɗai ne irinsa. Ranar da ya shiga gyara ba mai maye gurbinsa. Kuɗin saye ma shi ne ƙarami, mafi yawan abin da jirgi ke ci a rayuwarsa mai ne da albashi da kayan gyara.

Yallabai Na Kalaba:
Hajiya, lissafinki daidai ne amma ya tsaya a yau. Runduna ba ta rasa jirgi kawai, tana rasa ilimi. Tuƙa babban jirgin yaƙi, da sarrafa ɗakin umarni, da farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, da kare kai daga hari ta sama, sana'o'i ne da hafsa ke koya daga na gaba da shi. In an yi shekara ashirin babu jirgin da ake yinsu a kai, waɗanda suka iya sun yi ritaya, ranar da kika sayi sabo sai kin ɗauko baƙi sun koya miki daga farko. Aljeriya da Masar da Afirka ta Kudu duk suna da jiragen yaƙi na zamani samfurin MEKO na Jamus, Maroko tana da samfurin FREMM da Faransa ta ƙera mata. Aradu shi ne MEKO na farko da aka taɓa ƙerawa a duniya. Ya je bikin Trafalgar a Ingila a 2005, ya haye zuwa Brazil a 2007. Ƙasar da rijiyoyinta irin Bonga da Agbami da Egina ke can tsakiyar teku ba za ta ce har abada ɗan kwalekwale kaɗai za ta fuskanta ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Yallabai, na yarda a riƙe ilimin. Amma jirgin da ke ɗaure a Apapa ba ya koya wa kowa komai sai fenti.

Injiniyan Jirgi:
Kuma ɗaurewar ce ma ke kashe shi. Ruwan Legas mai ɗumi ne, gauraye da gishiri da ruwan daɗi da dattin gari. Cikin watanni ƙwanso ya lulluɓe gindi ya toshe bututun sanyaya. Ƙarafan da ake mannawa don tsatsa ta ci su maimakon jirgi, in na tutiya ne, a irin wannan ruwan sukan yi ɓawo su daina aiki, na alminiyam sun fi dacewa. Man dizal da ya daɗe a tanki yana tara ruwa a ƙasa, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a tsakanin ruwan da man, su zama kaki mai toshe matata. Jiragen kasuwa ƙa'idarsu a duba gindi sau biyu cikin shekara biyar, kada tazarar ta wuce wata 36. Jirgin soja ba wanda zai hana shi fita in ya tsallake wannan, shi ya sa aka fi tsallakewa idan kasafi ya yi ƙaranci.

Ɗan Apapa:
Allah ya ƙara sani. To tambaya ta biyu fa?

Baban Rada:
Sai an koma baya kaɗan. Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da na 1980, da kuɗin mai, an sayi jirage daga ƙasashen Turai da dama. Erinomi da Enyimiri daga Vosper ta Ingila. Ekpe, Damisa da Agu daga Lürssen ta Jamus, masu Otomat. Siri, Ayam da Ekun daga Faransa, masu Exocet. Ambe da Ofiom na sauke dakaru daga Jamus. Masu share nakiya biyu daga Italiya. Makami mai linzami na kai wa jirgi hari iri biyu a runduna ɗaya, kowanne da nasa kayan gwaji da nasa masu gyara. Farashin mai ya faɗi, naira ta karye, sannan bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 Tarayyar Turai ta ƙaƙaba takunkumin makamai har 1999. Yawan ƙasashen bai cece mu ba, tun da duk ƙungiya ɗaya suke, rana ɗaya suka rufe ƙofa.

Daga baya Amurka ta ba da tsofaffin jiragen masu gadin gaɓarta biyu: Chase ya zama NNS Thunder a 2011, Gallatin ya zama Okpabana a 2014. Mita 115 kowanne, an ƙera su a ƙarshen shekarun 1960. Kafin a miƙa su an cire bindigar Phalanx da radar binciken sama, an bar igwa mai milimita 76. Haka aka yi wa Filifin da Bangaladash da suka karɓi irinsu. A 2014 ɗin kuma, ana tsakiyar yaƙin Boko Haram, Amurka ta hana Isra'ila sayar mana da helikwaftocin Cobra. Duk hafsan da ya ga wannan zai nemi wata ƙofa. Sai ga jiragen sintiri Centenary a 2015 da Unity a 2016 daga masana'antar Wuchang ta Sin, mita 95. Sai Turkiyya da jiragen sintiri da helikwaftocin T129 da marasa matuƙi na Bayraktar.

Injiniyan Jirgi:
Nan ne nake so jama'a su lura. Tutar masana'anta daban, asalin abin da ke ciki daban. Centenary da Unity a Sin aka ƙera su, amma injinsu MTU ne na Jamus. Ga misalin abin da hakan ke jawowa. Tailan ta ƙulla cinikin jirgin ƙarƙashin ruwa da Sin a 2017, an rubuta injin MTU 396 a kwangila. Jamus ta ce ba za ta bari a kai injin Sin ba saboda takunkumin Turai na 1989. Aikin ya tsaya shekaru ana jayayya kan ko Tailan za ta karɓi injin Sin a madadinsa. Pakistan ta yi cinikin T129 guda 30 da Turkiyya, Amurka ta ƙi ba da lasisin injin, cinikin ya maƙale. A 2020 Kanada ta dakatar da sayar wa Turkiyya kyamarorin da ake ɗora wa Bayraktar lokacin yaƙin Nagorno-Karabakh. Ita ma Ajantina, mai 'yan'uwan Aradu huɗu, ta sha wuyar kayan gyara na injinan Rolls-Royce bayan yaƙinta da Birtaniya a 1982, alhali Jamus ce ta ƙera mata jiragen. Don haka kafin a ce an sauya aboki, a buɗe ɗakin inji a karanta sunan da ke jikin farantin.

Yallabai Na Kalaba:
Ni ma ban kira shi sauya sheƙa ba. NNS Lana na auna zurfin teku daga OCEA ta Faransa ya zo a 2021. NNS Kada na sauke dakaru, mita 100, zanen Damen ne na Holan, aka ƙera shi a Sharja, ya iso 2022, a shekarar kuma ya kai kayan soja Gini Bisau. Atisayen Obangame Express na Amurka a Legas aka karɓi baƙuncinsa a 2023, a Yulin shekarar jiragen yaƙin Sin uku suka yada zango a Legas ɗin dai. Faransa tana sintiri a wannan teku tun 1990. Najeriya ba ta da yarjejeniyar kare juna da ɗayansu. Ciniki ne, kowa da abin da ya fi sauƙin bayarwa. Abin da Turkiyya ta fi su shi ne ba ta cika sharuɗɗan siyasa ba, kayanta kuma a kan ma'aunin NATO suke, sun fi saurin jituwa da abin da muke da shi.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Kada a ce ba ruwan Nijar da maganar teku. A tsarin Yawunde na 2013 na tsaron mashigin tekun Gini, an sa Nijar a shiyya ɗaya da Najeriya da Benin da Togo, cibiyar tana Kwatano. Bututun man Agadem mai kusan kilomita 2,000 a Seme yake ƙarewa, dab da iyakar Najeriya, an fara lodi a 2024. Tankar da ta ɗauki man Nijar ruwan da jiragen nan ke gadi take bi. Sauya abokai na gaske a tudu ya faru: sojan Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka a 2024, Nijar ta fita daga ECOWAS, a 2025 ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Mu a nan abin da ya fi shafarmu shi ne sansanin sojan ruwa na Baga a gaɓar tafkin Chadi. Wane irin jirgi ne ya dace da can?

Injiniyan Jirgi:
Ba ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa, ɗan'uwa. Tafkin ba shi da zurfi, ga kainuwa da ciyayi sun rufe hanyoyi. Jirgi mai tura ruwa ta bututu yana zuƙar ciyawa ya toshe nan take, mai farfela a ƙasa kuma ta naɗe. Abin da ke aiki shi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda bai nutse fiye da rabin mita ba, da injin waje da za a iya ɗagawa a share, da sulke a gefen matuƙi da mai bindiga. Matsalar sulke nauyi, kowane faranti da ka ƙara yana ƙara nutsar da jirgin. Kafin jirgin ma sai injin yankan ciyawa ya buɗe hanya, kuma in ba a riƙa bi ba ta sake rufewa. Irin wannan a gida ya kamata a ƙera shi.

Hajiya Mai Lissafi:
To ga inda zan yarda a zuba kuɗi. Ma'aikatar jiragen sojan ruwa da ke Victoria Island ta ƙera Andoni a 2012, mita 31, sai Karaduwa a 2016, sai Oji a 2021 da ya haura mita 40. Kowanne ya fi na baya girma. Na san inji da rada da bindiga duk shigo da su ake yi, amma mai waldar da ya haɗa jirgi shi zai iya gyara shi. An so a yi wani ɓangare na Unity a Fatakwal, ƙarshe a Sin aka gama shi. Irin wannan sharaɗi in ba a ɗaure shi da biyan kuɗi ba, shi ake fara yarwa idan lokaci ya ƙure.

Baban Rada:
Sharuɗɗan da zan nema a kowace kwangila, ta Aradu ko ta sabbin: jerin ƙasar asalin kowane babban kaya da lasisin fitar da shi a hannu kafin a biya kashi na biyu. Kayan gyara na shekara biyu a cikin jirgi da na shekara biyar a rumbu, da lambobinsu na masana'antar asali, ba lambar dillali ba, domin da lambar dillali ba ka iya saye a wani wuri. Zane-zane da littattafan gyara cikin Turanci. Izinin shigar da bayanan radar abokan gaba cikin kwamfutar da hannunmu, ba sai an kira injiniya daga Istanbul ba. A horar da ma'aikata rukuni biyu, kuma a hana yi musu canjin wurin aiki na shekara uku, don sau da yawa wanda aka tura kwas yana dawowa ake mayar da shi ofis. Kashi na ƙarshe na kuɗin kuma sai an yi gwajin teku a ruwanmu, da zafinmu, an harba kowace bindiga da radarta.

Yallabai Na Kalaba:
A ƙara ɗaya. In binciken gindin Aradu ya nuna ƙarfen da za a canja ya wuce wani adadi da aka rubuta tun farko, gwamnati ta sami damar tsayar da aikin ta biya abin da aka yi kawai. Ina son jirgin, amma ba a kowane farashi ba.

Hajiya Mai Lissafi:
Yallabai ya matso kusa da ni ke nan. Saura ka faɗi adadin.

Injiniyan Jirgi:
Adadin ba a tan ɗin ƙarfe kaɗai yake ba, Hajiya. Fatar waje ko tan nawa ce ana canjawa. In tsatsar ta kai ga ƙashin bayan jirgin da gadajen da injina ke zaune a kai, sai an fasa bene an fito da injinan kafin a taɓa su, kuɗin ya ninka. Rahoton awon waɗannan wurare biyu shi ya kamata kwamitin majalisa ya nema ya gani.